Fuskar Yaya a Tallan Shayi

Ofishin Auta ɗaki ɗaya ne a saman bene, bisa shagon masu gyaran waya. Tebur biyu ne a ciki, da kujera uku, da fanka mai ƙara kamar tana tari, da taga wadda ba ta buɗuwa sai an sa mata kafaɗa. A nan yake wuni yana gina wa 'yan kasuwa shafukan talla a intanet. Mai sayar da katifa, mai makarantar koyon tuƙi, mai kawo ruwa a tanka, duk sun taɓa hawa matakalar nan suna haki. Abin da suke nema ɗaya ne: idan mutum ya ɗauki waya ya rubuta abin da yake so a injin bincike, sunansu ya fito a sahun farko, ba a shafi na biyar ba inda babu mai leƙawa.

Ya sha ƙoƙarin bayyana wa Umma wannan sana'a. Ta saurara, ta gyaɗa kai, daga ƙarshe ta yanke hukunci cewa ɗanta dillali ne, sai dai nasa dillancin a cikin waya yake yi. Haka take gaya wa duk wanda ya tambaya. Sunan Auta kuwa daga gida ya biyo shi ya maƙale, har ya kusa shekara talatin, masu kawo masa aiki ma da shi suke kiransa.

Su biyu ne wajen Umma, shi da Yaya, shekara goma sha ɗaya a tsakaninsu. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, Umma ta duƙufa kan keken ɗinki, saboda haka Yaya ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta riƙe hannunsa zuwa makaranta, ta murɗe masa kunne ranar da ya cancanta. Yanzu nas ce a babban asibiti, a ɓangaren masu hawan jini da ciwon zuciya. Mace ce mai sakin fuska, irin wadda ko allura ta ɗauko sai ka ji hankalinka ya kwanta. A asibiti kowa Sista yake ce mata.

Wata Litinin wani mutum ya hawo ofis, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya ajiye koren kwali a kan tebur ya ce shayin ganye ne, yana sauke hawan jini, kuma yana so duk mai neman magani a waya ya fara cin karo da shi. Auta ya juya kwalin, ya ga babu wani bayani sai hoton ganye da lambar waya. Ya tambaya ko an gwada shi. Mutumin ya yi dariya ya ce kakarsa ta sha shi har ta kai shekara casa'in, wane gwaji ne ya fi wannan. Tun daga ranar Auta ya ajiye lambarsa da sunan Mai Kwali.

Ya karɓi aikin, ya kuma yi shi da zuciya ɗaya, don Auta mutum ne mai son a ce ya iya. Ya tattaro kalmomin da mutane suke rubutawa idan tsoro ya kama su: maganin hawan jini, me ke kawo jiri da ciwon ƙeya, yadda ake rabuwa da shan ƙwaya kullum. Ya rubuta bayanai goma sha biyu ya saƙa kalmomin a cikinsu, a kanu da farkon layi. Ya rage wa shafin nauyi don ya buɗe ko a inda sabis ba shi da ƙarfi. Ya bi masu wasu shafuka da roƙo har suka sa hanyar da za ta kawo mai karatu wajensa. Abu ɗaya ya rage, hoton da zai zauna a sama.

Hotunan likitocin da ake saya duk mutanen wata duniya ne, haƙora farare tas, asibiti yana ƙyalli kamar otal. Ya san masu sayen shayin ba za su yarda da waɗannan ba. Yana cikin laluben wayarsa sai ya faɗa kan hoton Yaya. Shi ya ɗauka da hannunsa ranar da asibiti ya karrama ta kan cika shekara goma sha biyar a aiki. Farin yunifom, abin sauraren ƙirji a wuya, tana murmushin nan nata na gefen baki. Ya ce bari ya ɗora shi na ɗan lokaci, don kawai Mai Kwali ya ga yadda tsarin zai kasance, in ya so a nemo wani daga baya.

Mai Kwali na gani ya bugi tebur ya ce wannan ce, kada a taɓa. Ya tambaya ko wace ce. Auta ya ce wata ce kawai, hoton gwaji ne, zai canza. Mai Kwali ya ce to a gwada ɗin a gani. Suka saki talla iri biyu na kwana uku, ɗaya da likitan da aka saya, ɗaya da Yaya. Da Auta ya buɗe alƙaluma sai ya ga duk mutum ɗaya da ya danna hoton likitan, huɗu sun danna na Yaya. Tunda ya fara sana'ar bai taɓa ganin layi ya miƙe sama haka ba. Ya daɗe yana kallonsa, yana jin daɗi.

Ya gaya wa kansa sati ɗaya kawai. Ya shiga wajen da ake zaɓar waɗanda za su ga talla, ya cire garinsu da duk garuruwan da ke kewaye, don kada wanda ya san ta ya gani. Wannan dabarar ta kwantar masa da hankali fiye da yadda ya kamata. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa wannan ma'aikaciyar jinya ce mai shekara goma sha biyar a aiki, kuma ta ce shayin abin dogaro ne. Bayan kwana biyu Mai Kwali, wanda shi ma yake da mabuɗin shafin, ya ƙara nasa layin da manyan baƙaƙe: Ajiye ƙwaya, ka huta. Auta ya kira shi ya ce wannan ya yi yawa. Mai Kwali ya ce masu saye ba yara ba ne, kowa ya san abin da ya fi masa. Auta ya ce za su sake magana. Ba su sake ba.

Sati ɗaya ya zama wata uku. A tsakani Mai Kwali ya turo masa abokansa biyu da sabon aiki, ya shagala. Kowace Asabar yakan je gidan Umma ya tarar Yaya ta zo duba tsohuwar. Su zauna a tsakar gida, ta tsokane shi kan rashin aure, ta ce har yanzu kwamfuta ce amaryarsa, don kishi ba ta bari ya yi wata. Sau biyu maganar hoton ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye.

Abin da bai yi tunani ba shi ne aikinsa ya yi kyau fiye da kima. Talla ne kawai ake iya hana shi shiga wani gari. Injin bincike ba ruwansa da wannan. Shafin ya hau ya zauna daram a sahun farko, duk wanda ya rubuta maganin hawan jini, ko a ina yake, fuskar Yaya ce take fara yi masa murmushi.

Wata Laraba da azahar ya ji ana hawowa a hankali. Yaya ce, wadda ba ta taɓa taka ofishinsa ba, da yunifom a jikinta, a lokacin da ya kamata tana bakin aiki. Ta zauna, ta nemi ruwa, ta sha rabi.

Ta ce jiya aka kawo wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yau da safe tana gyara masa ƙarin ruwa sai 'yarsa mai jinyarsa ta tsaya tana kallonta. Ta ciro waya ta duba, ta sake dubanta. Sai ta ɗaga murya a tsakiyar ɗaki, a gaban marasa lafiya da 'yan uwansu, ta ce ga matar da ta ce wa babanta ya ajiye magani. Wata biyu ke nan dattijon ya daina shan ƙwayoyinsa, shayi yake sha safe da yamma, domin ya ga nas ta faɗa. Aka kira shugabar nas-nas, aka nuna mata shafin. Kafin rana ta take an miƙa wa Yaya takarda ta tafi gida sai kwamiti ya zauna, an kuma ce mai yiwuwa maganar ta taɓa lasisinta.

Ta miƙo masa wayarta.

"Auta, kai ka san harkar nan," ta ce. "Ka nemo mini wanda ya yi mini wannan. Ban taɓa ganin shayin nan ba, ko warinsa ban sani ba."

Ya karɓi wayar ya kalli shafin da ya gina da hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Har ya ja shi ƙasa da yatsa yana yi kamar yana karantawa. Ya ji kansa yana cewa irin wannan yana faruwa, ɓarayin hoto sun yi yawa, ta kwantar da hankalinta, zai duba. Ta dafa kansa kamar yadda take yi yana ƙarami, ta sa masa albarka, ta sauka.

Ƙofa na rufuwa ya shiga ya sauke hoton, ya tsayar da tallan duka. Bai kai minti biyar ba. Ya sauke numfashi. Sannan ya ɗora hoton a injin bincike don ya tabbata babu saura, sai allon ya cika. Fuskar Yaya tana kan shafuka har arba'in da uku. Sauran masu talla sun ga abin da yake ci, sun kwafa. Ga ta tana sayar da shayin wasu, ga ta da maganin rage ƙiba, ga ta da man gyaran fata, an ƙara mata haske har ta koma kamar ba ita ba. A wani shafin an raɗa mata sabon suna an ce likita ce. A wani an haɗa bidiyo, bakinta yana motsi, wata murya tana magana da yaren da bai ma taɓa ji ba.

Kafin la'asar Mai Kwali ya kira yana tambayar me ya sami shafinsa. Auta ya gaya masa gaskiya, ya ce yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ga mutum can a kwance. Sannan Mai Kwali ya ce shi bai san wata yaya ba, hoto aka kawo masa aka ce na gwaji ne, wanda ya kawo shi ya san inda ya samo. Washegari Auta ya tarar an canza mabuɗin shafin, hoton ya koma mazauninsa. Lambar Mai Kwali ta daina shiga.

Ya duƙufa cike takardun ƙorafi. Kowace manhaja da irin nata fam, wani ya ce ya kawo shaidar shi ya ɗauki hoton, wani ya ce sai mai fuskar ta turo katin shaidarta. Amsa ɗaya yake samu, wadda na'ura take turowa: an gode, ana dubawa. Shafi biyu suka sauka, uku sababbi suka fito. Yaya tana kira safe da yamma, yana ce mata ana kan aiki. A ransa yana ganin idan ya share komai kafin kwamiti ya zauna, wataƙila ba sai ya buɗe baki ba. Masu gyaran waya na ƙasa suka fara tambayarsa ko zazzaɓi yake, don abincin da yakan aika a sayo masa yana komawa yadda ya zo.

Yaya kuwa ba ta zauna haka ba. Mijinta malamin makaranta ne, ɗalibansa sun riga sun nuna masa bidiyon suna ƙunshe dariya, gidan ya yi mata zafi. Ta yi ta tunanin wa yake da hoton. Ƙaninta bai ma zo mata a rai ba. Sai ta tuna da aminiyarta, wata nas da suka yi makaranta tare, wadda ta ɗora hoton a shafinta ranar karramawar tana taya ta murna. Kuma kowa ya san ƙanin mijin aminiyar yana sayar da magungunan ganye. Yaya ta ƙulla wannan da wancan. Ta je har gida ta same ta a gaban 'ya'yanta, ta faɗa mata maganganun da ba a iya janyewa.

Umma ce ta gaya wa Auta a waya ranar Asabar da safe. Ta ce aminiyar ta zo wajenta tana kuka tana rantsuwa, zumuncin shekara ashirin ya watse a tsaye. Ta ce Yaya ta yi alkawari ranar Talata za ta ba kwamiti sunan matar.

Ya same su a ɗakin Umma. Tsohuwar tana bakin gado, Yaya tana zaune a ƙasa tana jera mata ƙwayoyin sati a cikin robar nan mai gida bakwai. Ya gaishe su, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Umma ta ce ya zauna mana. Bai zauna ba.

"Yaya, kada ki ba da sunanta. Ni ne."

Ta ci gaba da jera ƙwaya. "Kai ne me?"

"Ni na sa hoton. Ni na gina shafin."

Ya faɗi komai a tsaye, tun daga ranar da aka ajiye koren kwali a teburinsa. Ya faɗi tallan gwaji, da yadda aka fi danna nata, da yadda ya ce sati ɗaya. Ba ta ɗago ba. Sai da ya zo kan cire garinsu daga tallan, nan ne ta ajiye robar ta dube shi.

"Ka cire garinmu," ta ce. "Ashe ka san abin da kake yi. Mutanen sauran garuruwan fa? Su ba su da jini a jikinsu?"

Ta tambaye shi rubutun da ke ƙasan hoton. Ya ce layin farko nasa ne, na biyu na mai kayan, amma ya gani ya bari. Ta tambaye shi ranar da ta hau ofishinsa ta sha ruwansa, ko a lokacin ya sani. Ya ce ya sani.

Umma ta fara cewa a yi haƙuri, yarinta ce, bai yi da mugun nufi ba. Yaya ta ce, "Umma, shekararsa ashirin da tara." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙarasa jera ƙwayoyin, ta rufe robar, ta ajiye a inda Umma za ta gani. Ta yafa mayafi ta ce masa Talata ƙarfe goma, ya zo da duk abin da yake da shi. Daga nan gidan aminiyar ta wuce. An buɗe mata ƙofa, an saurare ta, amma ba a ce ta shigo ba.

Auta ya rage daga shi sai Umma. Ya jira ta zage shi, ya ma fi son hakan. Sai kawai ta ce ya tashi ya tafi, tana so ta kwanta.

Ranar Talata mutum biyar ne a dogon tebur, Yaya a gefe ɗaya, shi a ɗaya gefen. Ya kawo takardun da ya buga, da saƙonnin da suka yi da Mai Kwali, da asalin hoton a wayarsa mai ɗauke da ranar da aka ɗauka. Wani dattijon likita mai gilashi ya tambaye shi ko Sista ta san da maganar. Ya ce ko kusa. Likitan ya tambayi dalilin da ya sa ya bar hoton. Auta ya ce saboda mutane sun fi dannawa, sai da ya faɗa ya ji yadda maganar take a kunne. Shugabar nas-nas ta tambayi mutum nawa suka buɗe shafin. Wannan ya san shi sarai, ya ce sun haura dubu ɗari biyu. Ta ce a cikinsu nawa suka ajiye maganinsu. Ya ce alƙaluma ba sa nuna wannan.

Aka wanke Yaya, aka ba ta takarda, lasisinta ya tsira. Amma ba a mayar da ita ɓangarenta ba. Aka ce ta koma ɗakin ajiyar fayil zuwa wani lokaci, don 'yan uwan marasa lafiya suna nuna ta da baki, wasu biyu ma har sun zo suna tambayar inda za su same ta su sayi shayin. An miƙa bayanan Mai Kwali ga hukuma. Da aka je shagonsa aka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Suna fitowa daga zaman Auta ya nufi hanyar fita, Yaya ta ce ba nan ba. Ta sa shi gaba har ɗakin da tsohon direban yake kwance. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta nuna masa gado na huɗu.

Mutumin babba ne, irin masu faɗin kafaɗa, amma ya narke a cikin zanen gado. Idonsa ɗaya yana zubar da ruwa ba ya iya sharewa. 'Yarsa tana gefe tana ba shi ruwa da cokali. Auta ya durƙusa ya gaya mata ko shi wane ne, da abin da ya yi, ya ce Sista ba ta da laifi, ya nemi gafara. Matar ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ba ita zai gaya wa ba, ga mai jikin nan.

Ya matsa ya sake faɗa. Bai san ko dattijon ya gane ba, sai ya ji hannun hagu ya kama wuyan hannunsa da ƙarfin da bai zata ba. Bakin yana motsi, sauti yana fita, babu kalmar da ta tsaya. 'Yar ta sunkuya ta saurara, ta sa ya maimaita har sau uku.

"Cewa yake ya ba abokansa biyu lambar masu shayin," ta ce. "Direbobi ne, a tashar manyan motoci suke zama. Idan da gaske kake, ka je ka gaya musu."

Washegari da hantsi ya je. Fili ne mai warin baƙin mai, motoci sun jeru, makanikai suna kwance a ƙarƙashinsu. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗaya daga cikin abokan biyu a inuwar wata tirela, wani gajere mai furfura da ake ce wa Na Baya, wai don kullum shi ne ƙarshen tashi. Yana zaune a kan tsohuwar taya, fulas a kusa da ƙafarsa. Ɗayan abokin, aka ce, ya yi lodi ya tafi tun makon jiya, wayarsa kuma ta faɗa ruwa.

Auta ya gaishe shi, ya gaya masa halin da abokinsa yake ciki, ya roƙe shi ya koma shan ƙwayoyinsa ya je a duba shi. Na Baya ya ce ya ji labarin abokin nasa, Allah ya ba shi lafiya, ciwo na Allah ne. Shi dai tunda ya fara shayin nan jikinsa ya yi masa sakayau. Ya laluba aljihu ya ciro waya mai tsagaggen gilashi, ya buɗe ya nuna masa. Wani sabon shafi ne, kwalin ya koma shuɗi, sunan ya canza. Fuskar dai ita ce.

"Nas ce fa ta faɗa," ya ce.

"Baba, yayata ce. Ba ta faɗa ba. Ni na rubuta."

Na Baya ya dube shi sama da ƙasa, da yamutsattsiyar riga da jan ido. Ya sake duban matar da ke cikin wayar.

"To kai likita ne?"

"A'a."

"To," ya ce, ya mayar da wayar aljihu, ya jawo fulas ɗinsa.

Auta ya koma bakin ƙofar tashar ya tsaya a rana. Ya daɗe yana juya wayarsa kafin ya kira Yaya. Ta ɗauka. Ya gaya mata ya samu ɗaya, amma ya ƙi jin maganarsa, ya ce sai dai nas. Yana jin ana jan durowar fayil a can ɓangarenta. Ya ɗauka za ta kashe. Ta tambayi kwatancen wurin, ta ce ya jira ta ta tashi daga aiki, kuma idan ta zo kada ya sa baki.

Bayan la'asar ta iso da jakarta. Na Baya yana ganinta ya miƙe daga kan tayar, ya gyara hula, yana duban ta yana duban aljihunsa. Ta zaunar da shi ta naɗe masa hannun riga ta auna shi sau biyu. Abin da ta gani ya sa ta ɗauke fulas ɗin shayin da kanta ta miƙa wa wani makanike ta ce ya zubar, ta tsayar da mota ta ce Na Baya ya shiga yanzu su tafi asibiti. Ya shiga ba musu, har yana ba ta haƙuri. Auta ya kama murfin ƙofar gaba. Ta ce masa babu wuri, ko da yake kujerar babu kowa.

Motar ta fita. Ya koma cikin tashar ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya san hanyar da ɗayan abokin ya bi, da ranar da ake sa ran dawowarsa. Wani ya ce kwana goma, wani ya ce ai irin wannan tafiyar sai dai a gan shi. Ya rubuta lambarsa a bayan wata takardar lodi ya ba mai gadin ƙofa, ya ce don Allah ko yaushe mutumin ya shigo a kira shi.